Kwana Tara Ba Wasiƙar Njidda

Ranar Litinin da hantsi kwamfutar Malam Alim ta fara yi masa rashin mutunci. Ya zauna kamar kullum a ɗan ɗakin da ke bayan shagon ɗinkin matarsa Salwa, nan cikin unguwar Briqueterie, ya maƙala abin ji a kunne, ya danna maɓallan da yatsunsa suka haddace shekara goma sha ɗaya. Maimakon muryar na'urar ta karanta masa wasiƙu, sai ta ce da Faransanci, ko kunya babu, wai an kasa ƙulla amintacciyar hanya da serveur, wato babbar kwamfutar can nesa da ke ajiye wasiƙun. Ya sake dannawa. Ta maimaita.

Malam Alim makaho ne, amma ba da makanta aka haife shi ba. Shekara goma sha huɗu yana koyar da informatique, wato ilimin kwamfuta, a wata makaranta a unguwar Tsinga kafin hawan jinin ido ya rufe masa duniya. Lokacin ne amininsa Njidda, yayan Salwa, wanda ke aikin kwamfuta a Faransa, ya zo hutu ya zauna mako biyu cur ya haɗa masa wannan injin. Ya saka masa wani tsohon shirin rubutu mai suna Emacs, wanda ba ya neman hoto ko linzami, komai da maɓalli ake yi. Ya haɗa masa murya, ya kuma jawo akwatin wasiƙunsa cikin shirin. Tun daga nan Alim bai sake roƙon kowa ya karanta masa sirrinsa ba.

Sirri kuwa akwai shi. Shekara biyu ke nan da ciwon daji ya kama Njidda a maƙogwaro, likitoci suka yi masa aiki, murya ta tafi gaba ɗaya. Ya rubuto wa Alim, ya haɗa shi da girman Allah kada Salwa ta ji, kada Dada mahaifiyarsu ta ji, don zuciyar tsohuwar ba za ta ɗauka ba. Ya toshe kira a wayarsa, ya koma aika wa ƙanwarsa gajerun saƙonni, wai aiki ya yi yawa. Alim ya riƙe amana, ciki ai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A wasiƙar Juma'ar da ta wuce Njidda ya ce za a sake yi masa wani aikin, babba ne wannan karon, zai rubuto ya faɗi ranar. Wannan wasiƙar Alim ke jira, ita ce kuma injin ya hana shi.

Ya bi wayoyi da hannu ɗaya bayan ɗaya, ya kashe modem ya kunna. Intanet lafiyarta lau. Ranar Talata ya tambayi injin kwanan wata, sai ya ji wai ana cikin shekarar 2010. Kai! Har da tafi ya yi shi kaɗai. An ɗauke wutar lantarki ranar Lahadi, ɗan batirin agogon ciki kuma ya mutu, kuma ya sani sarai cewa in agogo ya ɓace, injin ba ya yarda da takardar shaidar serveur. Ya gyara kwanan wata yana murmushi, ya danna. Muryar ta ce an kasa ƙulla amintacciyar hanya.

Ranar Laraba ya buɗe fayil ɗin saiti, wanda Njidda ya rubuta da hannunsa. Ya sauya lambar ƙofar da ake bi daga 993 zuwa 143, ya mayar, ya gwada wata. Tsakanin layukan akwai 'yan bayanan da Njidda ya bar masa da Hausa, muryar na karanto su da lanƙwasar harshen Bafaranshe: “Kada ka taɓa wannan layin, makaho mai taurin kai.” Alim ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Wanda kaɗai ya san cikin wannan injin yana can kwance yana jiran wuƙa.

Salwa ta shigo da shayi, zare maƙale a zaninta.

“Malam, kwana uku ke nan kana faɗa da wannan abu. In rubuta wa Hamma Njidda in ce masa injinka ya lalace?”

“A'a. Bar shi, zan gyara.”

“To shi ke nan. Dama ni fushi nake da shi. Shekara biyu mutum ba zai ɗaga waya ya ji muryar ƙanwarsa ba? Wallahi ba zan sake rubuta masa ko harafi ba sai ya kira ni da bakinsa.”

Alim ya sunkuyar da kai ya kurɓi shayi. Ya gaya wa kansa cewa ba a ɗora wa mara lafiya matsalar inji. Gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Tsohon malamin informatique ne fa, ya ce a kai ƙararsa wai ya kasa buɗe wasiƙa? Girman kai rawanin tsiya, kuma ranar Malam Alim ya naɗa shi har kunne.

Ranar Alhamis ya taɓa layin da aka ce kada ya taɓa. Ya umarci injin ya daina duba takardar shaida, ya yarda da duk wanda ya amsa, ko ɓarawo ne. Ya danna. Ko gezau. Matsalar ba ta shaida ba ce ashe.

Bayan an sauko daga Juma'a ya rungumi injin a cikin buhu, ya hau benskin, babur ɗin haya, zuwa unguwar Ekoudou wurin Mohaman Bello mai gyaran kwamfuta. Mutumin ya iya aikinsa, wannan ba a musu. Ya yi ta danne-danne yana tsaki, sannan ya jingina.

“Malam, injinka ƙalau yake, tsufa ne kawai. Kafin ya karɓi wasiƙa dole su gaisa da serveur, su yarda da yadda za su rufa maganarsu. To can sun daina karɓar irin tsohuwar gaisuwar da naka ya iya. Yana miƙa hannu, suna kau da kai.”

“A koya masa sabuwar mana.”

“Sai an sauke komai an ɗora sabo. Muryar nan taka kuwa, ni ban san yadda aka ɗaura ta ba. In ta tafi, ba ruwana.”

Alim ya dafa injin. In muryar ta tafi, ya koma makaho karo na biyu.

“Abin ai mai sauƙi ne,” in ji Mohaman Bello. “Ba ni mot de passe, kalmar sirrin nan taka, in buɗe a wayata in karanta maka yanzu-yanzu.”

Mohaman Bello! Mutumin da in ya ji magana da azahar, kafin la'asar masu gasa tsire sun yi mata yaji. Alim ya ce a ba shi abin ji, a buɗe masa shafin a injin shagon ya shiga da kansa. Aka buɗe. Shafin ya ce sai ya zaɓi hotunan da ke da mota a ciki, don a tabbatar mutum ne. Mohaman Bello ya zaɓar masa, ya tsaya a kansa yana leƙe, injin shagon kuma ba ya magana. Alim ya cire abin jin, ya ce a mayar masa da kayansa cikin buhu.

Asabar da Lahadi ana ta sheƙa ruwa, rufin kwano na ƙara, shi kuwa yana neman sabon ɓangaren da zai koya wa injin gaisuwar. Ya tuna sunansa, ya tuna inda ake samunsa. Sai dai shafin da ake saukowa da shi, shi ma sabuwar gaisuwar yake nema kafin ya buɗe. Nan ido ya raina fata. Ya zauna hannu a kan maɓallai, ba ya danna komai, yana jin kekunan ɗinki na aiki a shago. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da likita ya ce idon ba zai dawo ba. Ranar Litinin bai ci abinci ba. Yana ta lissafin ko an yi aikin, ko ba a yi ba, ko Njidda na can yana mamakin shirunsa.

Ranar Talata, kwana na tara, bayan ya idar da walaha, ya kira matarsa. Ya ce ta rufe ƙofa ta zauna.

“Salwa, zan karya amana. Allah Ya yafe mini. Buɗe akwatin wasiƙuna a wayarki.”

“Wace amana kuma, Malam?”

“Buɗe tukuna. Abin da za ki gani, ni na ɓoye miki, da sanina.”

Ya faɗa mata kalmar sirrin harafi-harafi. Minti biyu bai cika ba ta shiga. Kwana tara yana dambe, ita minti biyu.

“Akwai guda uku daga Hamma,” ta ce. “Da wata daga wata mata.”

“Fara da ta farko.”

Ta fara da muryarta ta kullum, a layi na biyu muryar ta canja.

“Alim, ranar Juma'a za a yi aikin. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce rabi da rabi ne. Na sauke maka amanar. Ka zaunar da Salwa ka gaya mata komai, ba maganar da zan aiko mata a waya ba ce. Ku lallaɓa Dada. Na buɗe kira. Ta kira ni da bidiyo kafin Juma'a, ba zan iya magana ba amma zan gan su.”

Ta tsaya. “Wane aiki? Me ya sa ba zai iya magana ba? Malam, me ya samu yayana?”

Ya gaya mata. A gajarce ya faɗa, don ba shi da numfashin dogon bayani. Bai ji ta yi kuka ba, sai ƙarar kujera da ta ja baya kaɗan daga inda yake.

“Yaushe ya rubuto ta?” ya tambaya.

“Litinin. Waccan Litinin ɗin.”

Ta biyun ta Laraba ce, layi ɗaya: “Ka gaya mata kuwa? Wayar na hannuna.”

Ta ukun ta Alhamis ce da yamma. Salwa ta karanta ta a hankali, tana tsayawa tsakanin kalmomi.

“Na ga shiru, na kuma fahimta. Shekara biyu ina yi mata ƙarya, tana da gaskiya in ta ƙi ni. Kada ka matsa mata. Ka ce ta yafe mini in ta huce, Dada ma haka. Kai kuma na gode.”

“Saura ta matar,” in ji Alim.

Salwa ba ta karanta wannan da ƙarfi ba. Ya ji numfashinta kawai, ya ji wayar ta zame ta bugi tabarma. Da ta yi magana, muryar ba ta da kuka a ciki, kuma da kukan ta yi da ya fi masa sauƙi.

“Daga asibiti ne. Bai farka ba. Ranar Asabar da safe ya cika. Adireshinka kaɗai ya ba su, suna tambaya yadda za a yi da gawa.”

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.”

“Ranar Laraba na ce maka in rubuta masa,” in ji Salwa.

“Kin ce.”

“Yana riƙe da waya yana jirana, ni ina nan ina ɗinka wa mutane kayan biki, ina cewa sai ya kira ni da bakinsa.” Ta ja numfashi. “Ya tafi yana zaton na ƙi shi, Malam.”

Alim ya miƙa hannu wajen da muryar take, bai taɓa kowa ba. Ta riga ta miƙe. Ya ji ta ɗauko rigarsa daga ƙusa, ta ajiye masa a cinya tare da sandarsa.

“Tashi mu je gidanmu a Nkomkana,” ta ce. “Kai za ka gaya wa Dada.”