Tambayoyi Talatin da Ɗaya da Edelmira Ta Bari

Ni na ba Edelmira shawarar, kuma har yau ina jin haushin bakina.

Shekara tara muna zaune kafaɗa da kafaɗa a ƙofar kotun Huancayo da ke ƙasar Peru, muna buga wa mutane takardun ƙara a keken rubutu, lauyoyi su sa hannu su kwashe yabo. Wallahi ta fi rabinsu kai. Sai ƙanwarta Zoila ta yarda za ta riƙe mahaifiyarsu mai shanyewar jiki a ƙauye shekara ɗaya tak, Edelmira ta nemi shiga karatun lauya. In ta samu, Zoila ta ci gaba da jinya. In ta faɗi, ta tattara ta koma gida ta karɓi jinyar.

Jami'o'i biyu ne, jarrabawarsu rana ɗaya. A ta farko, duk amsar da ka kuskure sai a zaftare maka maki. Wannan jami'ar Edelmira ta zaɓa. Wata takwas tana horar da kanta, duk tambayar da ba ta tabbata ba ta tsallake. Ko dankalinta na abincin rana, tana ci tana gwaji.

Saura mako uku na ji ta biyun ba ta da cunkoso, sai halina na iya-yi ya motsa.

"Ke kin cika taurin kai," na ce mata. "Nan mutum dubu uku, can ɗari tara. Sai an zana miki?"

"Yaya Nicanor, ban san salon tasu ba."

"Tambaya ai tambaya ce. Koma can kawai."

Ta koma. A ta biyun ba a zaftare komai, ko canke ka yi ka dace naka ne. Ta bar tambayoyi talatin da ɗaya babu amsa. Da sakamako ya fito, maki biyu suka raba ta da na ƙarshen waɗanda aka ɗauka.

"Ba a faɗa muku ba ne?" na tambaye ta.

"An faɗa. A shafin farko ma yake, na karanta. In na kai fensir sai hannuna ya ƙi."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce mata akwai baɗi.

"Baɗin wa? Zoila ta samu aiki a babban birni Lima, jibi za ta tafi."

Ta lulluɓe keken rubutunta da leda, ta bi ni da takardun mutane tana nuna mini inda ta tsaya a kowacce. Ranar Laraba ta hau motar ƙauye. Ba ta zage ni ba, ko kallon banza ba ta yi mini ba. Da ma ta zage ni.