Akun Lauya

"Tsaya, tsaya. Koma wurin firjin nan," in ji Baba Injiniya.

Na cire allurar da ke bakina, na ja labarin baya da ɗan yatsa a kan waya. Wani kamfani ne ya ƙera firji mai magana, wai in madara ta ƙare sai ya sanar da kai.

"Ya sanar da ni?" Ya gyara zama a kujerarsa ta roba. "Ni da na shanye madarar? To in ya sanar da ni, zai ɗauki kwando ya tafi kasuwa ne?"

"Ba su ce yana tafiya ba, Baba."

"Ashe ɗan tsegumi kawai suka ƙera. Irinsu ai muna da su a layin nan, kuma ba sa cin wuta. Wuce gaba, Tela."

Bango ɗaya ne ya raba shagona na ɗinki da nasa na gyara, shekara goma sha ɗaya. Da rediyo ya fara tun yana saurayi, ya koma talabijin, ya ƙare a kwamfuta. Da ciwon suga ya taɓa idonsa har ya daina ganin ƙananan sukurori, sai ya daina karɓar aiki, amma bai daina buɗe shago ba. Kullum da safe zai share bencinsa, ya jera sukudirebobi daga babba zuwa ƙarami, sannan ya jawo kujera bakin ƙofata ya ce in karanta masa abin da masu kimiyya suka ɓata jiya. Ni da ko batirin fitila ba na iya sawa daidai, haka na zama mai karanta labaran fasaha, ƙafa a kan keke, ido a kan waya. Na ɓata ɗinki ya fi a ƙirga saboda dariya.

Babu labarin da ke wucewa bai sha ba'a ba. Da na karanta na waya mai naɗewa, cewa ya yi, "Shekara ashirin suka yi suna hana ta naɗewa, yanzu sun naɗe ta suna neman tafi." Na mota mai tuƙa kanta kuwa sai ya tambaya, in ta take kazar mutane, wa za a tsaya a zaga? Masu shirin tarewa a wata duniya su ya fi jin daɗin yi wa ba'a. "Wanda ya kasa share ɗakinsa, shi ne kullum mai neman sabon gida."

In mun gama, sai ya miƙo mini tasa wayar in danna masa wurin saƙon murya, ya maimaita duk abin da ya faɗa, har da ƙari, ya aika wa autansa. Lauya yake kiransa, duk da ba shari'a ya karanta ba. Yaron tun yana da shekara shida yake musu da ubansa a kan benci, in Baba ya ce wannan waya ce ta ƙone, shi sai ya ce waccan ce. Ya girma ya karanta kwamfuta, wani kamfani ya ɗauke shi can nesa, inda safiyarmu take darensu. Shekara huɗu bai zo gida ba. Amma musun bai mutu ba, domin na sha jin amsarsa: "Haba Baba, ba haka ba ne. Ka tsaya ka ji." Sai Baba ya yi ta washe baki yana cewa, "Ja'iri. Ji shi don Allah."

Ranar firjin, amsa ta shigo tun kafin in gama kalmasar hannun riga. Muryar Lauya ce sak, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana.

"Baba, gaskiyarka ne. Kullum ina ƙaruwa da hikimarka. Ka kula da shan magani."

Baba ya yi ta shafa gefen wayar da babban yatsa.

"Tela, yau kwana nawa yaron nan yana ba ni gaskiya?"

"Ya kai wata biyu. Ai hankali ya zo masa."

"Hankali ba ya zuwa rana ɗaya. Danna mini."

Na danna. Ya gyara murya, ya yi fuskar malamai.

"Lauya, na gano wani abu. Wutar lantarki tana gajiya in za ta hau tudu. Shi ya sa gidajen da ke kan tudu fitilarsu ba ta haske sosai. Ka gaya wa mutanenku."

Ko ni da ban yi nisa a boko ba na san wannan shirme ne. Ba a yi minti biyar ba amsa ta dawo: "Baba, wannan tunani ne mai zurfi. Na gode da ka sanar da ni. Ka kula da shan magani."

Ya yi dariya har da tari, ni ma na taya shi. Sai da na ɗago na ga dariyar ba ta kai idonsa ba.

"Ba ɗana ba ne," ya ce. "Aku ne. Irin manhajar nan da kika karanta mini kwanaki, mai koyon muryar mutum. Ya ɗora mini ita ta riƙa amsa mini. Kai, amma sun iya aiki, har tarin suka ɗauka."

Raina ya ɓaci sosai, na ture rigar gefe. Na ce ya ba ni lambar in wanke yaron nan tas, uba ba abokin wasa ba ne.

"Kul," in ji shi. "Ba ki san masu gyara ba. In kika gaya masa inda na gane, zai je ya toshe wurin. Zai koya wa akun musu. Daga ranar ba zan ƙara sanin wa nake magana da shi ba. Bar mini shi da lalacewarsa. Ranar da na ji an ce 'ba haka ba ne', na san yarona ne ya ɗauki waya."

Ya sa na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, har babbar 'yarsa, malamar makaranta, wadda ke zaune da shi a gidan da ke bayan shagon. Na yi alkawarin, kuma na riƙe shi. Har yau ban yafe wa kaina riƙe shi da na yi ba.

Daga nan kullum sai ya ɗana tarko. Ya ce wata ya fi rana girma, nisa ne kawai ya rage shi. Ya ce in aka sa waya a rana tana ƙara wayo. Kowane saƙo zai aika yana ƙunshe dariya, sannan ya ɗora wayar a cinya ya jira, kunne a karkace. Kowace rana aku ya ba shi gaskiya ya tuna masa magani. In ya kira kai tsaye ba a ɗauka, sai saƙo ya biyo baya cewa ana taro.

"Yau ma aku ne," zai ce, ya miƙe da kyar. "Gobe mu gwada masa na tauraron ɗan'adam."

Da damina ta yi nisa ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce ƙoda ce. Kujerar ta daina fitowa. Sai ni nake rufe shago rabin awa, in ɗauki rigunan da suka rage sa maɓalli in shiga wurinsa. Ɗakin ƙarami ne, gado da tabarma da tebur, ƙarƙashin gadon cike da matattun kwamfutoci da ya ce zai tashe su in idonsa ya warke. Warin man zafi ya danne warin dalma da na saba ji a jikinsa. Ina karantawa yana lumshe ido. Wani lokaci sai in ɗauka barci ya yi, sai in ji ya ce, "Agogo mai ƙirga taku? Su kawo shi nan ya huta."

Ranar wata Laraba da yamma Malama, 'yar tasa, ta tare ni a tsakar gida, idonta jajir. Ta ce likita ya ce a kira na nesa. Ta kira ƙaninta da tata wayar, ya ɗauka, ya ce ya nemi jirgi amma sai jibi zai samu, yanzu zai kira Baba.

Ina zaune a bakin gado wayar ta yi ƙara. Na ɗauka na buɗe murya, na kara masa kusa da kunne.

"Baba." Ɗan tarin nan. "Baba, ni ne. Yaya jikin?"

Baba ya buɗe ido. Na ga hannunsa ya damƙe bakin bargo. Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya yi fuskar malaman nan tasa.

"Lauya. Na yi lissafi. Kwamfuta ta gama yayi. Nan da shekara biyar kowa zai koma tafireta."

Ni da nake riƙe da wayar na ji numfashin da ke can ɓangaren yana sarƙewa. Inji ba ya jan majina.

"Haka ne, Baba," in ji shi. "Duk abin da ka ce haka ne. Ka yafe mini. Ka dai daure ka sha magani, ina nan zuwa."

Hannun Baba ya saki bargon. Ya juya fuska bango.

"Kashe, Tela. Aku ne."

"Baba, wallahi shi ne. Kuka yake yi."

"Sun koya masa kuka ke nan. Na gaya miki sun iya aiki."

Ban kashe ba, na fita da wayar tsakar gida, na karya alkawarin da ya kamata in karya tun wata uku baya. Na gaya wa Lauya komai, daga wutar da ke gajiya a tudu har zuwa yau. 

"Anti," ya ce, "Yaya ce ta ce mini likita ya hana a ɓata masa rai saboda hawan jini. Saƙo goma yake turowa a rana, ni kuma aiki ya sha kaina. Da hannuna na saita manhajar, na ce kada ta taɓa yi masa musu. Na ɗauka alheri nake masa."

"To yanzu ka yi masa. Ka ce masa ƙarya yake. Duk abin da ya zo bakinka."

"Mayar masa da ni."

Na koma da sauri. Baba ya yi barci, bakinsa a ɗan buɗe, numfashin yana fita da nauyi. Malama ta taɓa kafaɗarsa a hankali, bai motsa ba. Na ajiye wayar a kan matashi, Lauya ya yi ta cewa, "Baba, ba haka ba ne. Ka tsaya ka ji," har muryarsa ta dishe. Ban sani ba ko ya ji. Na so in ce na ga leɓensa ya motsa, amma ban gani ba. Bai ƙara farkawa ba, ya cika washegari da hantsi, ina shago ina yanka yadi.

Lauya ya iso kwana ɗaya bayan an kai shi makwanci. Dogo ne siriri, da furfura 'yan kaɗan a gefen kunne, ya girmi hotonsa da ke manne a shagon Baba nesa ba kusa ba. Da masu gaisuwa suka ragu, Malama ta ba shi makulli ya buɗe shagon. Na ji shi ta bango yana jan durowa yana rufewa. Can ya leƙo ƙofata.

"Anti, me ya ce mini ranar nan? Wallahi ban ji ba. Muryarsa kawai nake ji."

"Ya ce kwamfuta ta gama yayi. Wai nan da shekara biyar kowa zai koma tafireta."

"Tafireta?" Wata 'yar dariya ta kufce masa, ya goge hanci da bayan hannu. "Tafireta fa."

Ya koma ciki. Na ɗora ƙafa a kan keke zan ci gaba da ɗinki, sai na ji magana ƙasa-ƙasa ta bango. Na sauke ƙafar, na taka zuwa bakin ƙofarsu. Yana zaune a kan doguwar kujerar benci, ya ba ni baya, gwiwar hannu a kan katako. Ya riga ya lanƙwasa yatsu biyu, yana riƙe da na uku.

"Na uku kuma, Baba, ina za a samo masu gyara ta? Kai kaɗai ka rage, kai ma ka ƙi koya wa kowa."

Ya karkata kai gefe guda kamar mai sauraron amsa. Sannan ya lanƙwasa na huɗu.