Ranar da Auta Ya Sha Ɓawon Ayaba

Autanmu shekararsa arba'in da ɗaya, amma har yau in Yaya ya yi gyaran murya sai ƙafarsa ta zame daga kan keken ɗinki. Shekara ashirin yana aiki a shagon Yaya, ni kuma ina gefe ina sa maɓalli ina kallon ikon Allah. Auta ya kama nasa shagon tun wata biyu da suka wuce, bakin faɗa wa Yaya ne babu.

Wani direba da ya kawo facin wando ne ya ce masa ɓawon ayaba na bugarwa, wai in ka busar ka sha hayaƙinsa sai ka iya marin zaki. Auta ya ci ayaba tara, ya busar da ɓawon da dutsen guga, ya naɗe a takardar awo. Shago ya ɗauki ƙauri. Ya zuƙa sau uku, ya yi tari, ya miƙe.

"Yaya, na kama shago. Ranar Asabar zan tashi."

Yaya ya girgiza kai ya dube ni. "Ba shi ba ne, ayaba ce. Ba shi ruwa ya kwanta."

Washegari Auta ya maimaita, garau da shi. Yaya ya ce ai abin kwana uku yake yi a jini. Bayan kwana uku ya ce ya ji wani yakan kai shekara. Takaici ya ishe ni.

Na ce, "Yaya, ɓawo ne fa. Akuya ma tana ci, ka taɓa ganin ta nemi shago?"

Auta ya naɗa wani ya miƙa masa. "Sha ka gani, wallahi ba ya komai."

Yaya ya yi zuƙa ɗaya, ya zauna kan tulin yadi. Mutumin da ko ranar rasuwar Baba bai yi hawaye ba, sai ga shi yana share fuska da hannun rigar mutane.

"Idona ya tafi, Auta. Shekara uku ba na ganin ramin allura. Duk wuyan rigar da ake yabona a kai, aikinka ne. In ka tashi rufewa zan yi."

Tausayinsa ya kama ni, na kasa ɗaga kai.

Can Yaya ya miƙe ya gyara tef ɗinsa a wuya. "Wannan abu da ƙarfi yake. Me na ce ne?"

Auta ya dube shi.

"Ba ka ce komai ba, Yaya."

Ya ɗauki allurar Yaya ya zura masa zare.