Yari Mai Tayil da Garin Masara

Wata jar akuya ce ta fara kama ƙafar wandon Yari. Kafin ya fizge, wasu biyu sun ɗora ƙafafun gaba a ƙirjinsa suna lasar wuyansa, wani bunsuru kuma ya zagaya baya ya soma tauna masa hula. Duk wannan a bakin titin Gidan Igwai, gaban masu aikin tayil goma sha ɗaya da ke zaune kan benci suna jiran mai ɗaukar aiki.

“Yari, ashe dangi sunka zo gaisuwa?” in ji Sirajo, abokin sana'arsa, yana dariya har da tari.

A daidai lokacin wata farar mota ta tsaya, wata dattijuwa mai tabarau ta sauke gilashi. Mai aiki ce, daga gani. Yari kuwa wata guda ke nan rabonsa da aiki.

Abin da ya jawo wannan duka, bara ne maigidansa Gazali, wanda ya koya masa yanka tayil, ya rasu da ciwon dajin huhu. Likita ya zaunar da Yari ya ce masa ƙurar da inji ke tayarwa in ana yanka tayil da dutse, kamar garin gilashi take. In ta shiga huhu ba ta fita, shekara da shekaru tana cin mutum. Ranar Yari ya rantse wa matarsa Bara'atu cewa ya bar busasshen yanka. Ya sayi takunkumi mai kyau, ya huda jarka ya sa mata siririn tiyo, ruwa na ɗiga kan wuƙar inji yana kwantar da ƙura.

Huhu ya huta, ciki ya shiga uku. A wannan bencin, mai aiki ba ya tambayar gwaninta, ƙura yake dubawa. Wanda ya fi fari fat daga gira har tafin ƙafa, shi ne ma'aikaci. Yari ya koma zuwa tsaf kamar ango, masu motoci suna ɗauka dillalin fili ne. Wani ma hanyar Ƙofar Dundaye ya tambaye shi, sannan ya ɗauki Sirajo.

“Baban Kausar, ƙura suka so ko?” Bara'atu ta ce da shi wata safiya. “Tsaya nan tsakar gida. Rufe ido.”

Ta ɗauko rariya da garin masara ta tankaɗe shi tas, har cikin kunne.

Dabarar ta tafi daidai ban da abu biyu da ba su lissafa ba: zafin Sakkwato da awakin unguwa. Kafin hantsi gumi ya mai da garin ƙullu, awaki kuma suka gane. Kwana tara ke nan suna rako shi daga gida suna mayar da shi.

Dattijuwar ta fito daga mota tana riƙe da jaka. Mutum goma sha ɗaya suka miƙe a tare, kowa na buga riga don ƙura ta tashi a gani.

“Sunana Madam Miriam, malamar makaranta ce ni kafin in yi ritaya,” ta ce. “Zan sa tayil a ɗaki huɗu a Tudun Wada.” Ta sauke tabarau ta dubi Yari. “Malam, me ya sa dabbobi suke cin ka?”

“Ƙaunata suka yi, Madam.”

“Wanga duk ya fi mu ƙura,” Sirajo ya ce da baki har kunne. “Tambaye shi wane dutse ya yanka yau.”

Yari ya soma lissafi. In ya ce dutse ne, ta ɗauke shi, za ta ga jarka da tiyo ta ce rago ne mai jiƙa gida. In ya faɗi gaskiya, benci zai yi shekara yana dariya. Ga tukunyar gida an kusa kife ta, garin da ya rage ma a jikinsa yake ƙarewa.

“Dutsen waje ne,” ya ce. “Daga Turai.”

Madam ta sa yatsa ta dangwalo ƙullun da ke gangarowa daga goshinsa, ta murza, ta sansana.

“Shekara talatin da biyar ina kama yara masu ƙarya. Wannan dutsen naka, da miyar kuka ake cin shi ko da kuɓewa?”

Benci ya fashe da dariya. Wani ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki, mai shayin gefe ya bar tukunya ya matso. Yari ya ga abin da yake tsoro ya riga ya faru, sai ya ji wani sauƙi. Ya ture bunsurun, ya karɓe rabin hularsa.

“Awo, garin masara ne. Ni da ruwa nika yanka, Madam, ba ni tada ƙura. Ƙura ita ta kashe maigidana, ni na riƙe mai kwano yana tari. In aikin busasshe kika so, ga su nan, ɗauki wanda kika ga dama. Ni dai na bari.”

Dariyar ta ragu. Duk sun san Gazali.

Madam ta dafe kai. “Kai ne mai jarka? Malam, sau uku ina zuwa wurin nan cikin satin nan. Mijina Ishaya yana da asma, ko shara ba a yi yana gida. An ce mini in nemi wani mai tsabta a Gidan Igwai, mai yanka da ruwa. Na duba, na duba, duk farare kamar fatalwa. Kai ma ka fi su.”

“Sau uku?”

“Litinin, Laraba, da yau. Laraba har na gan ka kana gudu, akuya na bin ka.”

Yari ya tuna Larabar.

“Aiki naka ne,” ta ce, “amma ba za ka shiga motata a matsayin tuwo ba.”

Aka tsayar da mai tura kurar ruwa. Yari ya durƙusa a bakin kwata, Sirajo da kansa ya ɗaga jarka yana kwarara masa, farin ruwa na gangarawa, awaki na bi suna sha. Da ya sunkuyo kusa da kunnensa, sai Sirajo ya rage murya.

“Wanga tiyo naka, ina aka sai da shi? Ba don ni ba hwa. Wani na tambaya.”

“Ka ce ma wanin ya zo gida da la'asar. Ya taho da tarin nashi mu kai asibiti.”

Yari ya sa injinsa a but ɗin motar, ya buɗe ƙofar baya. Jar akuyar ta riga shi shiga, ta zauna kan kujera kamar ita aka zo ɗauka. Yana cikin jan ta da ƙafa, Madam na faɗin a yi hankali da kujera, sai wata Keke Napep ta ci burki a gaban motar ta tare hanya.

Wani ƙaton mutum da babu wanda ya san shi ya sauko, rawani a karkace, igiyoyi huɗu a hannu. Ya dubi awakin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dubi Yari da ke ɗigar ruwa.

“Kai ne wanda ya lalata min dabbobi? Kwana tara ba su cin dusa. Shiga Keke, malam. Yau a garkena za ka wuni, sai sun ƙoshi.”