Saƙonni Arba'in da Ɗaya

Shekara uku Zuwaira ta yi tana aiki a ɗakin sanyi na wani kamfanin magunguna a garin Saint-Fons, kusa da birnin Lyon, ga ta da ciwon sikila, wanda sanyi ke tayar mata. Sau biyu ta roƙi shef ɗinta, wato shugabanta a wurin aiki, da baki, ya canja mata wuri. Ya ce zai duba.

Duk sanda ciwon ya kwantar da ita, sai ya aiko saƙo yana tambayar jiki. Ita kuwa tashin Damagaram ce, inda ba a amsa gaisuwa da ƙorafi. Daga gadon asibiti take rubuta masa: "Da sauƙi, na gode."

Da suka sallame ta saboda yawan fashi, ta kai su kotu a Lyon. Lauyan kamfanin bai wahalar da kansa ba, saƙonninta ya karanta har arba'in da ɗaya, babu wanda ya ambaci sanyi. Ta fita ba ta yi nasara ba. Da ma ko sau ɗaya ta rubuta gaskiya.

Tana cikin taram, jirgin ƙasan cikin gari, za ta koma gida a Bron, mahaifiyarta ta kira.

"Zuwaira, ya jikin?"

Ta daɗe tana kallon yatsunta da suka kumbura.

"Da sauƙi, Inna."