Tsaron Baya na Hagu

Safunan Yaya Tajuddeen duk ta wajen babban yatsa suke hujewa. Lokacin kullen korona na lura, ina shanya wanki a barandarmu ta unguwar Danau Kota, a ƙasar waje inda muke zaune. Kullum bayan la'asar sai ya ture kujeru gefe, ya ɗauki sandarsa ta wasa, ya dinga sulalewa da baya da safa a kan tayil, daga ƙofar kicin zuwa gaban talabijin.

Da girmansa ya koyi hokin ƙanƙara, wasan da ake kora faifan roba da sanda a kan ƙanƙara, bayan ya zo yin digiri na uku, a wani fili da ke cikin katafaren kanti. Ba shi da gudu. Abu ɗaya ya iya: ya ja da baya yana fuskantar mai kawo hari, har ya matse shi jikin katanga. Shi ya sa ƙungiyarsu ta ba shi tsaron baya na hagu. A duk garin nan, su kaɗai ne ke buga masa waya idan ya makara.

Da aka sassauta kulle na raka shi filin. Rabin 'yan wasan sun koma ƙasashensu, kuma doka ta rage yawan masu hawa ƙanƙara lokaci guda. Kocinsu ya tara su, yana magana ta cikin takunkumi. Ya ce daga yau babu ɗan baya, babu ɗan gaba. Wanda ya fi kusa da faifan robar ya kai hari, na kusa da shi ya rufe masa baya. Ya ce ko a manyan ƙasashe can wasan ya dosa, kuma wanda ya iya wannan tsari shi zai ci gaba da zama a ƙungiyar.

Halliru, wani yaro ɗan Kaduna mai gudu kamar iska, ya dafa kafaɗar yayana, yana sako "lah" a magana irin na mutanen garin nan.

"Baba Taju, an rushe maka shago lah. Sai yawon talla."

"Talla na yara ne," in ji Yaya. Suka yi dariya, shi bai yi ba.

Ina bayan gilashin da ya kewaye filin ina kallo. Duk inda wasa ya juya, ƙafafunsa sai su mayar da shi tsohon wurinsa, koci ya yi ta kaɗa masa hannu ya matsa gaba. Can faifan ya faɗo kan sandarsa, gabansa fili fetal. Ya tafi. Ban taɓa ganin ya yi nisa haka ba. Da ya isa gaban gola sai ya waiwaya, kamar wanda ya bar ƙofar gida a buɗe. Aka zare masa faifan. Kafin ya juyo an bi ta hagu, inda babu kowa, an ci su.

Da aka tsaya hutu koci ya ja shi gefe, cikin ladabi. Ya ce zai iya riƙa zuwa yana buɗe wa 'yan wasa ƙofar benci idan za su yi canji. Yaya ya gyaɗa kai.

Aka koma wasa. Ya zauna ya kwance takalmansa na ƙanƙara a hankali, babban yatsansa ya leƙo ta safa. Ya saka takalman da ya zo da su. Ya jingine sandar a jikin benci, ya gyara takunkuminsa, ya bi ta gefen shagunan kantin da har yanzu ba su buɗe ba.