Rabon Gidanmu a Bakin Fadama

Shekara uku ina kallon furen sakuraso yana mutuwa a cikin shinge, wai kare shi ake yi.

Tun kafin a kawo ni ƙauyen nan ina amarya, duk ƙarshen sanyi ake cinna wa tsaunin wuta. Sakuraso bai damu ba, saiwarsa na can cikin laka mai sanyi. Da toka ta kwanta sai ya leƙo, ya sha rana, ya yi furensa ja-ja, kafin doguwar ciyawa ta taso ya koma barci. In ba a ƙona ba, tsohuwar ciyawa ta danne shi, ya shaƙe a duhu. Ko shanun ƙauyenmu sun san wannan.

Ofishin gunduma ne bai sani ba. Suka kewaye fadamar da shinge, suka ce wuta ba za ta ƙara shiga ba. Wanda ya kawo takardar kuwa Tamotsu ne, ɗan ƙanin mijina, wanda na goya da bayana.

Kowace kaka, kowane gida na da rabonsa na ciyawar da zai yanke, faɗin taku goma, don wuta ta zo nan ta tsaya. Rabon gidanmu na bakin fadamar, ni da mijina, marigayi Shigeo, muka yanke shi shekara arba'in. Aka ce in riƙa yanka a gaban shingen. A kaka ta uku na yi nawa a bayansa, can ƙetaren fadamar.

Tsoho Tokuji, shugaban masu ƙuna, ya zo duba aiki. Ya kalli shingen, ya kalli inda na yanke.

"Kikuno, idonki ya fara mutuwa ne?"

"Nawa garau yake. Naka ne ya mutu, ba ka ga komai ba."

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya kwanan nan ko matata ba na ganewa sai ta fara faɗa."

Ranar ƙuna wuta ta hauro, ta lashe shingen, ta ratsa fadamar, ta je ta tsaya daidai inda na ce mata.

Bayan sati shida Tamotsu ya iske ni a fadamar da takarda a hannu, takalminsa na ofis duk ya nutse a laka.

"Inna, don Allah ki ce kuskure ne. Ki ce tsufa. In kika ce da gangan, za a karɓe rabon gidanku, ba za ki ƙara hawa ranar ƙuna ba."

"Tsufan uwarka! Duƙa ka ƙirga."

Ya duƙa. Kara goma sha tara ya samu, a wurin da a da ba ka iya taka ƙafa sai ka taka fure.

"Bara nawa ne?"

"Huɗu," ya ce a hankali.

"To waye ya yi kuskure?"

"Inna, ba ni na yi dokar ba. Kalma ɗaya ce fa."

Ina son rabon nan, ba zan ɓoye ba. Duk dutsen da ke cikinsa na san shi, har wanda Shigeo ke zama a kai ya ci dunƙulen shinkafarsa. Amma in na ce kuskure ne, sun samu abin da suke so: tsohuwa ta rikice, shinge ya yi daidai.

"Rubuta da gangan."

Ya rubuta. Na ciro hatimina na danna a ƙasa. Kukan kuwa sai da na sauka, inda ba mai gani, na yi abina.

Suka karɓe rabon, suka sake kafa shinge, wannan karon na ƙarfe. Na sa aka karanta mini takardar sau biyu. Wuta takardar ta hana, ba ta ce komai a kan lauje ba. Da kaka ta zo na ratsa ta ƙarƙashin waya, da shekaruna saba'in da huɗu, na fara yanke ciyawar ina fitar da ita dami-dami a bayana.